Tafiyar bisharar da muka yi Nijar: tambayoyin da ake ta yi mana da amsoshinsu

Tunda muka dawo ake tare mu da tambayoyi, a bakin coci bayan sujada, a WhatsApp, har da masu kira da daddare. Shi ne na ce bari in haɗa waɗanda aka fi maimaitawa in amsa a wuri ɗaya. Ra'ayina ne fa, ba matsayar kwamitin bishara ba, wanda ya je tare da mu ya ga abun daban yana iya faɗin nasa.

Wai ina kuka je ne takamaimai?

Jihar Maraɗi. Mun bi ta Katsina, Jibiya, muka tsallaka iyaka ta Magama muka shiga Ɗan Isa sannan Maraɗi. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai ma kai kilomita 100 ba, shingaye da duba takardu ne ke cinye lokacin. Mun ɗan zauna a cikin gari, sauran kwanakin kuma a wani ƙauye inda ikilisiyar da ta gayyace mu ke da ƙaramar majami'a da mai bishara. Sunan ƙauyen dai ba zan saka ba, su suka roƙa.

Mu da muke fama da kanmu, me muke da shi da za mu kai wa Nijar?

Wannan tun kafin mu tafi wani dattijo ya yi ta a taron ikilisiya, kuma bai yi ƙarya ba. A ƙididdigar ci gaban al'umma ta Majalisar Ɗinkin Duniya Nijar kullum tana can ƙasa ƙasa, wannan haka ne, amma in ka tsaya a ƙauyen Maraɗi ka tuna ƙauyukan Batsari ko Zurmi ba za ka ga wani bambancin kirki ba, gero ɗaya, rijiya ɗaya, yara masu tallan ƙuli ɗaya. Ga kuma naira da ta faɗi tun 2023, da can mutanen Nijar ke neman naira, yanzu kai ne za ka canza kuɗinka zuwa sefa ka ga sun ƙanƙance a hannunka, lokacin da muka je jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Toh wanda ya tafi da tunanin shi ne mai kuɗin da ya zo ceton talakawa, tun a wurin 'yan canji zai fara saukowa. Abun da muke da shi da ya fi nasu shi ne yawa. Majami'armu ɗaya ranar Lahadi ta fi masu bi na ƙauyuka da dama a can in an haɗa su, muna da nas nas, malaman makaranta, kafintoci, masu gyaran sola. Su kuma suna da abun da ba mu da shi, zan zo kai.

Dama akwai Kirista a can?

Akwai, kuma ba jiya suka fara ba. Ba su da yawa dai, kusan kashi 99 cikin 100 na ƙasar Musulmi ne. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun shiga Zinder, wato Damagaram, a 1924, daga baya suka kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi. Asibitin Galmi da ke kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa an buɗe shi a 1950 kuma har yau yana aiki, mutane daga Sakkwato ma suna tsallakawa su je. Na Danja da ke kan hanyarmu kafin ka shiga Maraɗi ya fara da jinyar kutare a 1956, a 2012 aka ƙara masa sashen mata masu yoyon fitsari. Babbar ikilisiyarsu EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, da ECWA ɗinmu tushe ɗaya ne, duk daga SIM suka fito, ga Katolika ma suna nan da nasu makarantu. Ranar Lahadin farko da aka ɗauko waƙa wasu yaranmu suka juyo suna kallona, don waƙoƙin da muka taso da su ne, kalma da kalma, sai dai su sun fi mu jan murya. Akwai tsofaffi a wurin da iyayensu ma a cikin bi aka haife su. Don haka maganar "mun kai musu bishara" ni ba na yinta, mun je mun tarar da ita ne.

To me kuka yi a can?

Ruwan daminar da ta wuce ya zubar da bango ɗaya na gidan mai bishara, shi muka taya gyarawa. In ce taya ɗin dai, don maginin garin ne ya yi ginin, mu ɗiban ruwa da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, kuma samarinmu da suka fi kowa cika baki a mota kafin azahar duk sun koma gindin bedi suna duba tafin hannu. Ruwan ma daga rijiya mai zurfi ake janyowa, sa ne ke jan igiyar, yaro ya kora shi ya yi nisa sosai kafin guga ta fito. Da ka ga haka ba sai an ce maka ka rage ruwan wanka ba.

Matanmu sun zauna da Zumuntar Mata ta can, an yi nazarin Littafi Mai Tsarki, an koyi haɗa sabulu da man shafawa. Da yamma ajin yara. Ma'aikatan jinya da muka je da su sun yi awon hawan jini da duba masu ciki, amma a asibitin garin, ƙarƙashin ma'aikacin da gwamnati ta ajiye a wurin, ba a harabar coci ba.

Kuɗin mota da abinci da kuka kashe, da an tura musu kawai bai fi ba?

Ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba na son a amsa ta da "ai Ubangiji ne ya aike mu" a rufe bakin mai tambaya. In lissafi zalla za a bi, eh, da an tura ya fi. Kuɗin hayar bas da mai da takardu da ciyar da mu ya isa a gyara bangon nan a sa kwano a saman majami'ar har a yi saura, kuma magina da leburorin garin ne za su ci kuɗin aikin, wanda a lokacin rani da babu noma ba ƙaramin abu ba ne gare su. Duk aikin ƙarfin da muka yi akwai matasa a garin da za su yi shi da sauri fiye da mu kuma suna buƙatar ladan. Wannan duk wanda ya je ya gani.

Sai dai akwai abun da kuɗi ba ya yi. Mai bisharar nan shi da matarsa da yaransu da 'yan gidaje kaɗan ne masu bi a duk yankin, fasto na zuwa musu da jibin Ubangiji ne jefi jefi in an samu babur da mai. Daren da za mu taho muna zaune a tabarma matarsa ta ce wa shugabar matanmu, Mama, tunda aka kawo mu garin nan ba a taɓa cika ɗakin sujadar nan har wasu su tsaya a waje ba sai zuwanku, yarana yau sun ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Ban san nawa za a saka wa wannan a lissafi ba. Kuma mu ɗin ma, kafin tafiyar nan baikon bishara in an zo tarawa sai an yi ta roƙo, yanzu mutane sun san fuskar wanda suke ba wa.

Ni inda na tsaya, a riƙa zuwa amma a rage yawan masu zuwa, mota ƙarama ta isa, abun da aka rage a kuɗin hanya a miƙa wa dattawan ikilisiyar can su yi abun da suka ga ya fi. A Ayyukan Manzanni sura 11 da yunwa ta taso, masu bi na Antakiya ba su kwashi jama'a suka tafi Yahudiya ba, tara gudummawa suka yi suka aika wa dattawa ta hannun Barnaba da Shawulu, mutum biyu. Wasu a kwamiti ba su yarda da ni ba, suna ganin matasa da yawa su je ido ya buɗe, muna nan muna ta jayayya a kai.

Mu fara tara gwanjo da takalma don tafiya ta gaba?

Don Allah a dakata tukuna. Gwanjo ya cika kasuwar Maraɗi, da yawan dilolin da ake sayarwa a kasuwanninmu ma ta Nijar suke shigowa. Ga wahalar kwastan, ga cin wuri a mota, ga rabon da ke haddasa ƙananan maganganu, wance ta samu zane biyu wance ɗaya, ku kun tafi kun bar mai bishara da sasanci. Kuma gaskiya wasu kayan da ake kawowa coci da sunan taimako, mai su neman inda zai zubar yake. Da muka tambaye su me suke so, abun da suka lissafa daban ne: Littafi Mai Tsarki na Hausa mai manyan baƙaƙe don tsofaffi, littafin waƙoƙi, batirin sola, tayar babur, kuɗin makarantar yaran mai bishara, sai hatsi a ajiye don damina. Magani kuma kar wanda ya kawo ragowar na gidansa, ba za mu ɗauka ba.

Talaucin ya kai yadda ake faɗa?

Ya danganta da watan da ka je. Mu bayan Kirsimeti muka je, an gama kaka ba da daɗewa ba, rumbuna da hatsi, ana biki ana aure, ga sanyi, wato lokacin da ya fi daɗi a shekara kenan kuma shi baƙi suka fi zaɓa. Wahalar tana zuwa ne daga wajen Yuni zuwa Satumba, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, farashin tiya ya hau, ga aikin gona mai cin ƙarfi, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. Wanda ya sayar da hatsinsa da araha a kaka don biyan bashi shi ne zai dawo ya saya da tsada a damina, ko ya ci bashin tiya ɗaya ya biya biyu. Yunwar 2005 da aka yi ta nunawa a talabijin, Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani, alhali kasuwa da abinci, kuɗin saye ne babu. Shi ya sa suke yin bankin hatsi, a saya a kaka a kulle, a fitar a damina a farashi mai sauƙi. In ikilisiyarmu za ta sa kuɗi a abu ɗaya tak ni wannan zan zaɓa.

Wani abun kuma, da rani mazan ba sa nan. Sun tafi cin rani, wasu Kano da Legas, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu har Libiya da Aljeriya. Majami'ar mata da yara da tsofaffi ne suka fi yawa, su ke riƙe da komai. Duk shirin da aka tsara ba a zauna da matan nan ba, a takarda zai ƙare.

Sun karɓe ku da kyau? Me kuka ci?

Har kunya ta kama mu. Muna sauka aka kawo fura a ƙwarya da ludayi tana zagayawa, da dare tuwon hatsi miyar kuka, da rana dambu da zogale. Washegari muka ga an yanka zabi, daga baya muka ji na matar mai bishara ne da take tarawa don ta sayar. Wata 'yarmu ta ce a biya ta, Baba Fasto ya ce kul, kar ki soma, za ki ɓata mata abun da ta yi. Sai da za mu tafi aka san yadda aka yi aka bar buhun shinkafa da mai a ɗakin girki ba tare da an yi sanarwa ba. Wanda zai je ya sani, abun da aka ajiye maka shi za ka ci, ba a fito da indomi daga jaka a gaban masu gida. Ruwan sha ne kawai muka yi hattara da shi, muna tafasawa ko mu sa maganin tacewa.

Ana barin ku ku yi wa'azi? Ya Musulmin garin suka ɗauke ku?

Abu na farko da mai bishara ya yi shi ne ya kai mu gaisuwa wurin maigari, daga nan gidan liman. Mun cire takalma mun durƙusa mun gaida su yadda aka saba, aka yi mana sannu da zuwa, liman ya sa aka kawo mana ruwa, maigari ya ce ranku ya daɗe baƙin malam baƙinmu ne, malam ɗin mai bishara yake nufi. Ranar ginin maƙwabta Musulmi sun fi mu yawa a wurin kwaɓa ƙasa.

Lasifika da muka ɗauko da niyyar wa'azin fili a kasuwa ba ta fito daga mota ba, masu masaukinmu suka ce a'a. Wasu matasanmu ransu bai so ba, har ana cewa tsoro ne. Ba tsoro ba ne. A Janairun 2015 bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, an ƙona coci coci da dama a Zinder da Yamai cikin kwana biyu, an rasa rayuka, kuma mutanen da ba su san komai game da wata jarida a Faransa ba su suka kwana a ciki. Sun sake gini, sun ci gaba da zama da maƙwabtansu, wasu ma maƙwabtan ne suka ɓoye su a lokacin. Kai da za ka yi 'yan kwanaki ka hau mota ka koma gida ba kai za ka koya musu yadda ake shaida a garinsu ba. Wanda ya tambaye mu me ya kawo mu mun faɗa masa a fili, mu masu bin Yesu Almasihu ne mun zo gaida 'yan'uwanmu, wanda ya so a yi masa addu'a an yi. Kuma awon jini ko wani taimako ba a haɗa shi da sharaɗin sai ka zo coci ba, ni a ganina ranar da aka fara haka an bar bishara an koma ciniki.

Tsaro fa?

Ba wasa. Hanyar Katsina zuwa Jibiya kowa ya san halin da take ciki da 'yan bindiga, kuma matsalar ta tsallaka har yankin Madarumfa da Gidan Rumji. Ba mu yi tafiyar dare ba ko sau ɗaya, ba mu sanar da ranar tashi a Facebook ba, ba mu manna wa mota kyalle mai sunan coci ba. Yankin Tillaberi da Diffa kam ba wurin zuwan ƙungiya irin tamu ba ne. An taɓa sace wani Ba'amurke mai aikin agaji na mishan, Jeffery Woodke, a Abalak a 2016, sai 2023 aka sako shi. In masu masauki suka ce a ɗage tafiya, a ɗage, ko an riga an biya mota.

Takardu da kuɗi da yare?

Fasfo, katin rigakafin shawara, da wasiƙar gayyata daga ikilisiyar can, in da hali da Faransanci don jandarma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka wata da watanni, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka kar a dogara da yadda aka saba da, a tambayi masu masauki halin da ake ciki kafin a tashi. A kasuwa da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5, in mai tumatir ta ce dala ashirin sefa 100 take nufi, jaka kuma 1,000. Hausa ta ishe ka a Maraɗi, sai dai za ka ji lakwal a maimakon makaranta da irinsu, kwana ɗaya kunne ya saba.

Me ya sa ba ku saka hotuna da yawa ba?

Mun yi doka tun a mota: ba a ɗaukar marar lafiya, ba a ɗaukar yaro ba da izinin iyayensa ba, ba a ɗaukar hoton miƙa wa mutum kaya. Kowa ya tuna yadda yake ji in ɗan siyasa ya zo unguwarsu da mudun shinkafa da mai kyamara a baya. Ga kuma tsaro, akwai wanda fuskarsa in ta fito a intanet cikin sujada zai samu matsala da danginsa. Hotunan da muka nuna a coci na ginin ne da na rukuni da kowa ya yarda.

Ka ce suna da abun da ba mu da shi, mene ne?

Na farko gonakinsu. Tun a hanya za ka lura gonakin hatsi cike da itatuwa, gawo, kalgo, sabara, aduwa, ba kamar namu da ake sharewa tas a ƙone ba. Ba dasawa aka yi ba. Kututturen da ke cikin ƙasa in ya yi toho, maimakon a sare duka sai manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran, shekara kaɗan ya zama itace. Wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa dabarar tare da manoman Maraɗi a 1983 bayan ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, manoma kuma suka ɗauka suna koya wa juna, yau ana ƙiyasin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta haka a Nijar. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa dabbobi su ci da rani. Wani tsoho a majami'ar ya zagaya da mu gonarsa da 'yar adda yana nuna mana wanne ake bari wanne ake cirewa, ya ce matarsa ta daina tafiya mai nisa neman itacen girki. Manoman cikinmu sun fi kowa cin ribar tafiyar nan, har an ce a gayyato shi ya zo ya koya wa ikilisiyoyinmu na ƙauye, kuɗin motarsa a kanmu.

Na biyu baikonsu. Ranar godiyar kaka da dami suke zuwa, mai ɗaya mai biyu, a jibge a gaban majami'a, daga ciki ake ciyar da mai bishara da gwauraye. Mun tarar da ragowar a rumbun coci, a rubuce a wani tsohon littafi wa ya kawo me, wa aka ba me. Lissafinsu ya fi na wasu manyan majami'unmu tsabta, in faɗi gaskiya.

Wasu daga can suna turo min saƙo suna neman taimako, ya zan yi?

Zai faru tunda an yi musayar lamba. Kar ka yi fushi kuma kar ka yi alkawarin da ba za ka cika ba, "za mu gani" ɗin da muke faɗa don kunya, a can ana riƙe shi a matsayin alkawari. Gaisuwa da addu'a da tambayar iyali a ci gaba da yi, wannan ma shi ake so. Maganar kuɗi kuma a bi da ita ta kwamiti zuwa dattawan can, don su suka san wanda da gaske yake cikin matsi da wanda ya fi iya rubuta saƙo. In kowa ya riƙa tura wa wanda ya fi shiri da shi, za mu raba musu ikilisiya da hannunmu.

Ina so in je tafiya ta gaba, me ake nema?

Su za su faɗi lokaci da irin mutanen da suke so, mun bar musu wannan. Zuwa yanzu sun ambaci ungozoma, mai gyaran sola da famfon burtsatse, da malamar da za ta zauna da masu koyar da yara ta nuna musu yadda ake shirya darasi. In kana cikin waɗannan ka ga sakataren kwamitin bishara bayan sujada da fasfonka. In ba ka ciki, asusun hatsin damina a buɗe yake, kuma ana so a rufe tarawa kafin kaka don a saya tun farashi na ƙasa.